Ƙaramin Jirgi Da Ƙaramar Mota A Zariya

Wanda ya tsaya a Kwangila da hantsi, inda hanyar Kano ta gamu da ta Sakkwato, ba zai daɗe ba sai ya ga abin da zai sa shi murmushi. Ga tirela ta taso daga Kudu tana nishi, sai ka ce unguwa guda ce ta tashi tafiya. Ga kuma wata 'yar mota a gindinta, wadda rufinta bai ko kai tagar direban tirelar ba, ta sha lodin buhuna har ta durƙusa, amma tana ta ƙoƙarin ta wuce gaba. Ita ce mutane su ke kira 'yar kurkura.

Direbobin manyan motoci ba su ɗauke ta a bakin kome ba, yara ma su kan yi mata ba'a. Amma duk wanda ya taɓa sayen siminti a Sabon Gari, ya tsaya yana tunanin yadda zai kai shi wani lungu a Samaru, ya san darajarta. Ƙanƙantar nan tata kuwa da gangan aka yi ta. Doka aka kafa a wata ƙasa mai nisa, aka sa ma'auni aka auna, aka ce kada ta wuce nan. Kuma ba ita ce ƙaramin abin hawa na farko da ya yi zama a inuwar babba a Zariya ba, gama an yi wani kafin ita, tun zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi.

Kafin zuwan Turawa, kayan ƙasar Zazzau a kan abu huɗu su ke tafiya, watau kan ɗan Adam, da bayan jaki, da takarkari, da raƙumi. Ko wanne da iyakar abin da ya ke ɗauka. Da Turawa suka zo suka tsai da kayan ɗan alaro a kan laba 60, wanda ya fi haka sai a raba shi biyu. Jaki da mangalarsa ya kan ɗauki kamar kayan mutum biyu, takarkari ya fi shi, raƙumi kuwa ya kan ɗauke na mutum biyar ko shida, sai dai shi ba ya shiri da damina, ba ya kuma shiri da ƙudan tsandon da ke kudancin Zazzau. Abin lura a nan, fatake ba su taɓa cewa tun da ga raƙumi a sallami jaki ba. Raƙumi ya sauke a zango, jaki ya shiga gari ya rarraba. Saboda haka magina na dā da jaki su ke auna hanya: in jaki mai mangala ya wuce bai gogi katanga ba, to, lungu ya yi. Wannan ma'auni har gobe bai bar unguwannin talakawa ba, ko da ya ke masu ginin yanzu ba su san da shi su ke aiki ba.

A cikin shekara ta 1907 aka kawo Sir Percy Girouard ya zama Gwamnan Arewa. Shi kuwa asalinsa injiniyan reluwe ne, don haka bai ɓata lokaci ba aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara. Talakawa sun sha wuyar wannan aiki na diga, domin ta hannun hakimai da dagatai a ke tara su, ko suna so ko ba su so. Cikin 1911 dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. Faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3 ne da inci 6.

Ba a cikin birni aka kafa tasha ba, sai a hayin Kubanni, arewa da ganuwa. Nan ma'aikatan reluwe suka sauka, da akawuna, da leburori, da 'yan kasuwa daga Ikko da Lakwaja da ƙasar Nufe, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Mazauninsu shi ne ya zama Sabon Gari. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da sito kusa da dogo, irin su John Holt da Paterson Zochonis, wanda har yau da sunansa a ke kiran wurin P.Z. Aka kafa gidan gurzar auduga. Titunan Sabon Gari da igiya aka ja su, miƙaƙƙu masu faɗi, ba irin na birni ba. Tarago guda mai ɗaukar ton 10 ya ɗauke kayan 'yan alaro fiye da 370, balle a jera taragu ashirin. Mai karatu zai zaci daga nan jaki ya huta. Ina! Sai ma aikinsa ya ƙaru, gama jirgi ba ya ratsewa ya shiga ƙauye, tilas a kawo masa auduga da gyaɗa har bakin tasha.

Ana cikin haka sai maganar kuza ta taso. Kamfanonin da ke haƙar ta a tsaunukan Jos a ka su ke sa a ɗauko ta, tafiyar kwana da kwanaki, suka matsa wa Gwamnati lamba a kai musu dogo. Gwamnati ta duba aljihunta, ta duba duwatsun da za a hau, ta ga babban dogo ba zai yiwu ba a lokacin. Sai aka yanke shawara a yi ƙarami, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6. Ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya isa Rahama cikin 1912, ya kai Jos da Bukuru cikin 1914, tsawonsa duka mil 143. Da sunan Bauci Turawa suka kira shi, domin a wancan zamani Jos a ƙarƙashin Lardin Bauci ta ke.

To, sai ga shi a tashar Zariya an sami dogo iri biyu gefe da gefe, bambancinsu ƙafa guda tak. Ƙafa gudan nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Ƙaramin jirgi kansa ƙarami, taragunsa ƙanana, ba ya bukatar gada mai ƙarfi ƙwarai, yana kuma iya shan kwana mai tsanani a gindin dutse inda babba ba zai iya ba. Wannan shi ne arhansa. Tsadarsa kuwa, taragonsa ba ya hawa babban dogo, na babba kuma ba ya hawa nasa. Duk buhun kuzar da ya sauko daga Jos sai leburori sun sauke shi a Zariya sun mai da shi cikin babban tarago, duk injin da za a hau da shi Jos sai an yi masa haka nan. Mutane da yawa na Sabon Gari da wannan sauke-ɗora suka ci abinci. Ga shi kuma da nawa, fasinja ya kan yini a cikinsa kafin ya ga Jos.

Cikin 1927 babban dogo ya isa Jos ta Kafanchan, ya haɗa ta da gawayin Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Daga ranar kuza ta sake hanya. Ƙaramin jirgi ya yi ta lallaɓawa shekara talatin yana jan fasinja da amfanin gona, motoci kuma suna ta yagar rabonsa, har aka rufe shi a ƙarshen watan Satumba, 1957. Abin da ya rage na kawunansa da taragunsa yana ajiye a gidan kayan tarihi na Jos. Masu cewa ƙanƙanta ce ta kashe shi ba su duba da kyau ba, don da ƙanƙantar ya yi shekara goma sha uku shi kaɗai ke hawa dutsen. Abin da ya kashe shi, babba ya sami hanyar zuwa ƙofar da shi ya ke zuwa. A riƙe wannan, za a bukace shi in an zo kan 'yar kurkura.

Ita Samaru a lokacin da a ke wannan duka daji ce da gonaki. Cikin 1922 Ma'aikatar Gona ta kafa gonar gwaji a wurin. Dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Funtuwa da Gusau, wanda ya isa Ƙauran Namoda cikin 1929, ta gefenta ya bi, shi ya sa a ke kiran unguwar da ke ƙetarensa Hayin Dogo. A shekarun nan ne motocin kaya suka fara yawa a Arewa. Amma fa abin da mutanen wancan zamani su ke kira babbar mota, su fito suna kallo, yawanci Ford ce mai ɗaukar ton guda, wadda in an ajiye ta a tasha yau ba wanda zai ce da ita babba. Hanyoyin ma ba su iya ɗaukar abin da ya fi haka, gama burji ne, gadoji kuwa na katako. In an yi ruwa da damina sai a sa shinge a tsare motoci har ƙasa ta sha iska. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga kawo Bedford da Austin masu ɗaukar ton 5, daga baya Marsandi ta zo ta shafe su, sa'an nan da reluwe ya raunana tirela ta gaje kayansa. Watau abin da a ke kira mota madaidaiciya ba ya tsayawa wuri guda, ko wane zamani da nasa, kullum kuwa ƙara girma ya ke yi.

Samaru ta cika ne da zuwan makarantu. A shekarun 1950 aka gina babbar Kwalejin Fasaha da Kimiyya a wurin, ran 4 ga watan Oktoba, 1962, ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin jami'a an shirya tituna da gidaje yadda ya kamata. Amma a ɗaya hannun hanyar Sakkwato, inda leburori da masinjoji da kuku-kuku da masu sayar da abinci suka zauna, daga baya kuma ɗalibai suka bi su haya, gini ya riga igiya. Kowa ya sami fili ya ɗora ɗaki, ya ƙara wani a baya, ya fito da shago a gaba. Layuka suka matse, ga kwata a tsakiya, ga tudu ga kwari. Sai aka wayi gari da garuruwa biyu a kan hanya guda, tsakaninsu bai kai mil 10 ba, in an bi ta Kwangila da Hanwa da Palladan da Zangon Shanu: ɗaya can manyan kaya su ke sauka, ɗaya kuwa can a ke bukatarsu kaɗan-kaɗan, a kuma cikin lungu. Shi kansa Sabon Garin, faɗin titunan da Turawa suka ja bai tsira ba, rumfuna da tebura sun cinye rabinsa a kewayen kasuwa.

Wadda ta fara riƙe wannan tsakani sosai ita ce akori-kura. Cikin 1975 kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, akori-kura 404 ta bazu ko ina, 504 ta biyo bayanta. Tsawon 404 kamar mita huɗu da rabi ne, tana ɗaukar kusan ton guda, ga jimiri a kan mugunyar hanya. Manomi mai hali, da ɗan kwangila, da mai gidan burodi, duk ita ce burinsu. Gajeriyar tafiya kuwa sai amalanke. Haka a ke har 1986, sa'ad da Gwamnati ta sake tsarin tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Kasuwa ta koma kan tsofaffin motocin da a ke kwasowa daga ƙetare ta Kwatano da Ikko. A cikin wannan ayari na gwanjo ne 'yan ƙananan motocin Japan suka shigo, waɗansu masu rufi na ɗaukar mutane, waɗansu masu buɗaɗɗen baya na kaya.

Tsakanin Zariya da Japan akwai tsohuwar sanayya, ko da ya ke ba ta daɗi ba ce. Samari da yawa da aka horar a Daffo na soja a Zariya, Bama aka kai su suka yi yaƙi da Japanawa, sunan Barikin Chindit ma daga wannan yaƙi ya samo asali. Da aka ci Japan cikin 1945, ƙasar ta fita a ragargaje, ba ƙarfe, ba mai, mutane kuma ba kuɗi. Hanyoyin ƙauyukansu da na tsofaffin unguwanninsu matsattsu ne ainun, gonakinsu na shinkafa 'yan ƙanana, da kunya siririya a tsakani. Saboda haka cikin 1949 Gwamnatinsu ta kafa wani aji na motoci da su ke kira kei, watau marasa nauyi, ta ce duk motar da ba ta wuce awo kaza ba za a sassauta mata haraji da kuɗin inshora. Masu ƙira suka duƙufa. Daihatsu ya fito da Hijet cikin 1960, Suzuki ya fito da Carry cikin 1961, Subaru ya fito da Sambar a shekarar nan, Honda ya biyo su cikin 1963. Yawancin waɗanda a ke gani a Zariya jikokin Hijet ne da Carry.

Sau da dama ana sake awon, amma da ƙyar a ke ƙara taƙi guda. A shekarun 1950 an tsaya a kan tsawon mita 3 da faɗin mita 1.3, inji kuwa c.c. 360. Cikin 1976 aka ƙara tsawo ya zama mita 3.2, faɗi 1.4, inji c.c. 550. Cikin 1990 tsawo ya koma 3.3, inji c.c. 660. Cikin watan Oktoba, 1998, aka kai tsawo mita 3.4, faɗi mita 1.48, bisa kuwa kada ta wuce mita 2. A lissafin dā, tsawon ƙafa 11 ke nan da inci 2, faɗin ƙafa 4 da inci 10. Kayan da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne. A can Japan lambarta ma dabam ce, rawaya a ke ba ta, don ɗan sanda ya gane ta tun daga nesa.

Yanzu sai a jera ta da sauran motocin da ke bin hanyar Samaru. Toyota Corolla, wadda kowa ke ɗauka ƙaramar mota ce, tsawonta kamar mita 4.6 ne, watau ta ɗara 'yar kurkura da fiye da mita guda. Tsohuwar Volkswagen mai ƙusumbi ma, wadda a ke haɗawa a Ikko a dā, ta ɗan haura mita 4. Hilux mai ƙofa huɗu, irin wadda ma'aikatu da 'yan siyasa su ke yayi, tsawonta kamar mita 5.3 ne, faɗinta kamar 1.85. In aka auna filin da ko wacce ta ke rufewa a ƙasa, na 'yar kurkura rabin na Hilux ne, ko ya ɗara da kaɗan. Nauyinta ba kaya kilo 700 ne zuwa 800, Hilux kuwa ta kai ton 2, shi ya sa in ta kafe a laka maza huɗu ko biyar sun isa su ɗaga gindinta su fitar. Injinta sulusi biyu ne na lita, na Hilux ya ninka shi sau huɗu. Tirela kuwa da kanta da jelarta ta kan kai mita 16, faɗinta mita biyu da rabi. Sai an jera 'yan kurkura kusan biyar, hanci da gindi, kafin su kai tsawonta.

Amma akwai wuri guda inda lissafin ya ke juyewa, shi ne kuma asirin motar. In aka ɗauki ma'auni aka auna bodin baya, inda kaya su ke zama, na 'yar kurkura ya kusa mita 2 a tsawo, faɗinsa kamar mita 1.4, na Hilux mai ƙofa huɗu kuwa tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne kawai. Ashe ƙaramar ta fi babbar tsawon shimfiɗa! Dalili, Japanawa da suka ga doka ta ɗaure su da tsawo, sai suka yanke hancin motar ɗungum. Suka cusa inji a ƙarƙashin kujera ko ƙarƙashin bodi, suka tura direba can gaba a kan tayoyi, suka ba shi ɗan ɗaki na mutum biyu, duk abin da ya saura suka bar wa kaya. Ita Hilux rabonta ya tafi ga dogon hanci da kujerun baya. Har wa yau kuma daɓen bodin 'yar kurkura shimfiɗaɗɗe ne sumul, ba tudun taya a ciki, domin tayoyinta ƙanana ne, masu inci 12, suna can ƙasa. Gefunansa uku duk suna buɗewa su kwanta, ga shi bai kai ƙugun mutum ba, lebura ya kan ɗora buhu ba tare da ya ɗaga shi sama ba. Wajen juyawa kuwa, fili mai faɗin mita 8 ya ishe ta ta juyo gaba ɗaya, Hilux sai ta sami kusan 13. Wanda ya san layukan Hayin Dogo ya san abin da wannan ke nufi.

Ba duk wadda a ke gani a Zariya ce ta bi awon Japan sak ba. Waɗanda aka ƙera don sayarwa a waje a kan sa musu inji mai ɗan girma, na lita guda ko fiye. A Italiya kamfanin Piaggio ya soma haɗa irin Hijet cikin 1992 da sunan Porter, a Ingila kuma an sayar da irin Carry da sunan Bedford Rascal. Waɗanda suka fito daga Japan kai tsaye kuwa da matsala su ke zuwa. Japanawa hannun hagu su ke bi a hanya, sitiyarinsu yana dama. Nijeriya ma haka ta ke a zamanin Turawa, amma ran 2 ga watan Afril, 1972, ta koma bin hannun dama, dokar hanya kuma ta hana a yi wa mai sitiyari a dama rajista. Don haka sai makanikai su ciro sitiyari da birki da totur su mai da su hagu. A cikinsu akwai gwanaye, akwai kuma masu aikin a-ci-da-sauri, mai saye kuwa ba kullum ya ke iya bambancewa ba, sai ran da ya taka birki a gangara.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi wa masu motar daɗi ba. Kilo 350 ɗin nan da aka rubuta mata, buhun siminti 7 ke nan, ko buhun masara uku da rabi. Wa ya taɓa ganin 'yar kurkura ta bar Sabon Gari da buhu bakwai? Direba ya ce in ya tsaya a kan haka ko kuɗin mai ba zai fitar ba, mai kaya kuma ba ya son biyan sawu biyu. Sai a kai ta wurin mai walda ya ƙara mata ganyen sifirin, ya ɗaga mata gefuna da ƙarfe, a yi ta ɗorawa har ninki biyu ko uku, karen mota kuma ya haye can ƙoli ya zauna. Sifirin dai an ƙara, amma birkin nan shi ne na kilo 350, tayoyin nan su ne masu inci 12. Faɗinta kaɗan ne, saboda haka da zarar kaya sun yi bisa, kwana kaɗan ta ke sha ta kwanta. Hancin nan kuma da aka yanke aka ba kaya wurinsa, a jikin direba aka fanshe shi, gama tsakanin gwiwarsa da abin da zai yi karo da shi ba kome sai fallen ƙarfe da fitila. Mafi muni, ran kasuwar ƙauye a kan ga an cika bayanta da mutane, mata da yara a kan buhuna, ta hau babban titin Funtuwa ko na Kano tana gogayya da tirela da tankar mai. Masu ƙirarta don kunyar gona da lungu suka yi ta, inda gudu kaɗan ne. A ƙasar Amurka ma, inda manoma suka shiga sayen tsofaffinta saboda arha, waɗansu jihohi sun ƙi ba ta lambar hawa babban titi saboda wannan dalili. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra su kan tare ta, amma kwaɗayi mabuɗin wahala, an wuce shinge an koma gidan jiya.

In an bar ta a inda ta dace kuwa, ba ta da na biyu. Ita ke kai ruwan leda da akwatunan lemo shago-shago, ita ke ɗauko bulo da katako da kwanon rufi, ita ke shiga fadamar Galma ta fito da kwandunan tumatir da rake, ita ke kwashe katifa da akwatin ɗalibi ran da haya ta ƙare. Tirela guda ta siminti ta kan ɗauko buhu 600. In za a bi doka, sai 'yar kurkura ta yi sawu 86 kafin ta kwashe su, don haka ba mai hankalin da zai aike ta Ikko. Amma mai ginin ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Samaru ba buhu 600 ya ke nema ba, ko da kuwa yana nema, tirela ba ta da ta inda za ta bi ta kai masa. Nan ne ta bambanta da ƙaramin jirgin Bauci. Shi an iya shimfiɗa babban dogo zuwa inda ya ke zuwa, ita kuwa sai an rushe rabin Samaru kafin babbar mota ta isa ƙofofin da ta ke isa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, sai masu kaya da dama da dā su ke hayar akori-kura suka komo gare ta, domin ɗan cikinta kaɗan ya ke sha.

Abin da zai iya rage mata kasuwa ta ƙasa ya ke ɓullowa. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya fi ta ƙanƙanta, ya fi ta arha, yana kuma kutsawa inda ita ma sai ta tsaya. A bayansa ga mai baro, wanda ba ya shan mai ko kaɗan.

Buhun siminti guda ya kan taso daga Obajana a bayan tirela, ya kwana a hanya, a sauke shi a sito a Sabon Gari. Da safe 'yar kurkura ta ɗauke shi ta bi ta Kwangila da Palladan, ta ƙetare dogon Ƙauran Namoda, ta shiga layi har inda kwata ta tare ta. Nan yaro mai baro ya karɓa ya tura zuwa ƙofar gida. Daga nan kuma sai lebura ya sunkuya a aza masa a ka, ya hau tsani da shi. Nauyin buhun kilo 50 ne, watau laba 110, kusan ninki biyu na abin da Turawa suka tsai da wa ɗan alaro.